Gani Ya Kori Ji: Tarihin Hoton da Ke Zuwa Cikin Wasiƙar Kwamfuta

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma babu inda wannan magana ta fi tabbata a yau kamar gaban allon kwamfuta. Malamin lakwal da aka aiko wa jadawalin jarrabawa daga ofishin sufeto, da sakataren ƙungiyar raya al'adu da aka turo wa hotunan bikin bara, da ɗalibin da ke jiran kwafin takardar shaidarsa, abu guda suke yi: su latsa wata ƴar alama mai kama da maƙalar takardu a gefen wasiƙa, su jira hoto ya bayyana. Wannan ƙunshi da ke maƙale da wasiƙa, wanda Bafaranshe ke kira pièce jointe, ya zama ruwan dare har ba a tambayar yadda aka yi ya samu. Sai ranar da ya ƙi buɗuwa, ko ya buɗe ya lalata abin da ke cikin na'ura, ake tuna cewa akwai wani aiki a bayansa. Aikin kuwa ya ɗauki fiye da shekara 100, kuma wanda ya san yadda aka yi shi ya fi sanin abin da zai buɗe da abin da zai ƙyale, ya kuma fi sanin yadda zai adana hotunan da aka ba shi amana.

Daga tangaraho zuwa ɗigo

Tunanin aika hoto ta waya ya girmi tarho. A shekarar 1865 hukumar tangaraho ta Faransa ta buɗe wa jama'a wani layi tsakanin Paris da Lyon mai aiki da na'urar wani limamin coci ɗan Italiya, Giovanni Caselli. Ana yin rubutu ko zane a kan farantin ƙarfe da tawadar da lantarki ba ya ratsawa, sai wata allura ta bi farantin layi bayan layi. Inda ta taɓa tawada lantarkin ya sauya, a can ɗaya gefen kuma wata allura ta maimaita alamar a kan takardar da aka jiƙa da sinadari. Masu banki sun yi amfani da ita wajen tabbatar da sa hannu. Na'urar ba ta yi tsawon rai ba, domin zuwa 1870 an daina aiki da ita, amma ta bar dabarar da har yanzu ake kai: ba a aika hoto dunƙule, sai an yanka shi layi-layi, kuma dole mai karɓa ya san tsarin da mai aikawa ya bi wajen yankawa, in ba haka ba abin da zai fito shirme ne.

A farkon ƙarni na 20 wani Bafaranshe, Édouard Belin, ya ƙera na'urar aika hoton kyamara ta wayar tarho, wadda ƴan jaridar Faransa suka yi shekaru da dama suna aiki da ita har suka riƙa kiran duk hoton da ya zo ta waya da sunan bélino. A ɓangaren Ingila kuma, Harry Bartholomew da Maynard McFarlane suka fito da tsarin Bartlane, wanda daga 1921 ya riƙa kai hotunan jarida tsakanin Landan da New York ta wayar da ke ƙarƙashin teku. Hoton da jirgin ruwa ke kwashe fiye da mako guda kafin ya kai shi ya koma isa cikin ƙasa da awa 3. Abin lura a tsarin nasu shi ne an mai da hoton lambobi da ake hudawa a jikin zaren takarda, kowane gurbi da matakin duhunsa. Da farko matakai 5 ne tsakanin fari da baƙi, zuwa 1929 suka kai 15.

Kwamfuta ta karɓi hoto a cikinta a 1957, a hukumar ma'aunai ta ƙasar Amurka, inda Russell Kirsch da abokan aikinsa suka haɗa na'urar da ke bin hoto tana karanta haskensa. Hoton farko na jaririn Kirsch ne ɗan wata 3, kuma an raba shi ɗigo 176 a tsaye, 176 a kwance, wato ɗigo 30.976 gaba ɗaya. Tun daga ranar, hoto a wurin kwamfuta jerin lambobi ne, kowace lamba tana faɗin hasken ɗigo guda. Fayil, wanda ma'aikatan ofis a Yamai suka fi sani da fishiye, shi ne jakar da ake zuba waɗannan lambobi. Buɗe hoto kuwa yana nufin wata manhaja ta karanta lambobin bisa ƙa'idar da aka jera su, ta sake shuka ɗigon a kan allo.

Wasiƙar da ba ta san hoto ba

Wasiƙar kwamfuta ta taso ta wata hanya dabam. A 1971 Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a kan ARPANET, layin bincike da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinsa, kuma shi ya zaɓi alamar @ domin raba sunan mutum da sunan na'ura. Waɗanda suka tsara ƙa'idojin wasiƙar, har zuwa ƙa'idar SMTP da Jon Postel ya wallafa a 1982, rubutun Ingilishi kawai suka yi wa tanadi. Sun dogara da jadawalin ASCII mai gurabe 128, wanda ya isa haruffan Ingilishi manya da ƙanana da alƙaluma da alamomin tsayawa. Babu é ko ç na Faransanci a cikinsa, balle ɓ da ɗ da ƙ da ƴ na Hausa, balle kuma hoto.

Matsalar ita ce kowane harafin ASCII yana cin bit 7, alhali fayil ɗin hoto yana amfani da bit 8 na kowane bayit baki ɗaya. In aka tura hoto kai tsaye, na'urorin da ke kan hanya sukan yanke bit na takwas ko su ɗauki wasu lambobi a matsayin umarni, hoton ya isa a lalace. A 1980 Mary Ann Horton ta jami'ar Berkeley ta rubuta uuencode, wata ƴar manhaja da ke mai da kowane bayit 3 na fayil haruffa 4 na rubutu. Ta haka hoto ke shiga wasiƙa sanye da rigar rubutu. Mai karɓa sai ya ga shafuka na haruffa marasa ma'ana, ya yanke su da hannu, ya adana, ya bi da su ta wata manhajar da za ta mai da su yadda suke, sannan ya nemi manhaja ta uku da za ta nuna hoton. In fayil ɗin babba ne a kan raba shi cikin wasiƙu da yawa, kuma ɓatan guda ɗaya ya isa ya ɓata sauran. Aiki ne na masana, ba na malamin aji ba.

Gyaran da ya dore ya zo ne daga mutum biyu, Nathaniel Borenstein na cibiyar binciken Bellcore a jihar New Jersey, da Ned Freed. Sun tsara ƙa'idar da ake kira MIME, wadda ta ba wasiƙa damar rabuwa kashi-kashi, kowane kashi da takardar shaidarsa a kai: wannan rubutu ne kuma ga jadawalin haruffansa, wannan hoto ne nau'in kaza, wannan sauti ne. Manhajar mai karɓa ita ke karanta shaidar ta yi sauran aikin. Ran 11 ga Maris 1992 Borenstein ya aika wa abokan aiki wasiƙar gwaji ɗauke da hoton ƴan ƙungiyar waƙarsu ta mutum 4 a wurin aiki, tare da sautin waƙar, kuma a watan Yuni na shekarar aka wallafa ƙa'idar. Ya sha ba da labarin cewa idan aka tambaye shi dalilin wannan wahala yakan ce yana son wata rana ya karɓi hotunan jikokinsa ta wasiƙar kwamfuta, mutane su yi dariya.

Har yanzu a kan wannan ƙa'ida ake. Kowane hoto da ke maƙale da wasiƙa ana mai da shi rubutu ta hanyar Base64, mai aiki da alamomi 64: haruffa manya 26, ƙanana 26, alƙaluma 10, da wasu alamomi 2. Saboda bayit 3 na komawa haruffa 4, ƙunshin yana ƙara nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya. Wannan shi ya sa fayil ɗin da a ido bai kai iyakar da gidan wasiƙa ya gindaya ba wani lokaci yakan ƙi tafiya.

Dabarar matse hoto

Samun hanya bai wadatar ba, domin hoto kaya ne mai nauyi. Hoto mai launi mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye yana buƙatar bayit 3 ga kowane ɗigo, na ja da kore da shuɗi, jimla bayit 921.600. A kan modem mai gudun bit 2.400 a daƙiƙa, irin wanda aka yi yayi a ƙarshen shekarun 1980, wannan hoto guda zai ci fiye da minti 50 na kuɗin tarho. Dole aka nemi yadda za a rage nauyin.

Kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da nau'in GIF a 1987, a ƙarƙashin jagorancin Steve Wilhite. Dabararsa ita ce neman maimaici: in jerin ɗigo iri ɗaya ya sake dawowa, sai a ba shi gajeriyar lamba maimakon a sake rubuta shi. Ba a zubar da komai, amma launukan ba sa wuce 256, don haka ya dace da zane da taswira da tambari fiye da fuskar mutum. Hoton kyamara ya jira wata dabarar, wadda asalinta ke komawa ga Nasir Ahmed, injiniya haifaffen Bangalore a Indiya, da ya yi tunaninta a 1972 yana jami'ar jihar Kansas, ya wallafa ta a 1974 tare da T. Natarajan da K. R. Rao. Wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1986 ya gina ƙa'idar JPEG a kanta, aka amince da ita a 1992. Ana raba hoton gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, a auna yadda haske ke sauyawa a cikinsa, a zubar da ƙananan sauye-sauyen da idon mutum bai cika kula da su ba, musamman na launi, tunda ido ya fi gane bambancin haske da duhu. Ta haka hoto kan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma ba tare da mai kallo ya lura ba, kuma abin da ke cin minti 50 ya koma cin minti 5. Sai dai abin da aka zubar ba ya dawowa. Kwafar fayil ɗin ba ta rage masa komai, amma duk lokacin da aka buɗe shi aka gyara aka sake adanawa a matsayin JPEG, wani abu na ƙara zubewa.

Nau'in GIF kuma ya gamu da rigimar mallaka. Dabarar matsewar da yake aiki da ita, LZW, tana ƙarƙashin haƙƙin ƙirƙira na kamfanin Unisys, kuma a watan Disamba 1994 aka sanar cewa masu rubuta manhajojin GIF za su riƙa biyan kuɗi. Cikin makonni kaɗan wasu masana da suka haɗu ta intanet, Thomas Boutell na gaba-gaba, suka soma tsara madadin da babu mai shi, wanda ya fito a 1996 da sunan PNG. Haƙƙin Unisys ya ƙare a Amurka a 2003, a sauran ƙasashe a 2004, amma darasin ya zauna: in ƙa'idar karanta fayil mallakar wani ce, to mabuɗin hoton yana hannunsa. A gefe guda kuma akwai TIFF na 1986, wanda gidajen adana tarihi suka runguma domin yana iya riƙe hoto ba tare da asara ba, da PDF da kamfanin Adobe ya fitar a 1993 domin shafi ya fito da kamanni ɗaya a kowace na'ura, wanda ya zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a 2008.

Isowar ƙunshin a Nijar

A ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, wasiƙar kwamfuta ta riga cikakken intanet zuwa. Daga 1989 cibiyar bincike ta Faransa da ake kira ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, ta shiga haɗa rassanta da wani layi mai suna RIO, kuma Yamai na cikin biranen da layin ya kai, tare da Dakar da Bamako da Wagadugu. Na'ura ce ke tara wasiƙu, in lokaci ya yi ta kira ƴar'uwarta ta tarho su yi musaya, sannan ta katse. A irin wannan layi kowane bayit kuɗi ne, kuma aika hoto almubazzaranci ne. Cikakken intanet ya shigo a rabin na biyu na shekarun 1990, a shekarun 2000 kuma gidajen intanet da aka fi sani da siber suka bazu daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram da Tawa. A can ne yawancin malamai suka fara ganin hoto yana sauka daga sama zuwa ƙasa layi bayan layi, kamar yadda allurar Caselli ke yi, ana duba agogo saboda kuɗin awa, ana kuma fargabar ɗaukewar wuta. Akwatin wasiƙa na kyauta a lokacin ƙarami ne: megabayit 2 a Hotmail, 4 a Yahoo, har sai da Gmail ya fito ran 1 ga Afrilu 2004 da gigabayit guda. Disket ɗin da ake zuwa da shi a aljihu kuwa megabayit 1,44 yake ɗauka, hotuna kaɗan sun cika shi.

Ga marubutan Hausa ƙunshin wasiƙa ya yi wani amfani na musamman. Taron ƙwararru na UNESCO a Bamako a 1966 ya yi aikin daidaita rubutun Hausa da wasu harsunan yankin, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar da ƙa'idojin rubutun harsunan ƙasa, ciki har da harafin ƴ da ake rubutawa 'y a Najeriya. Jadawalin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba haruffa masu lanƙwasa gurabensu tun da wuri, amma an daɗe kafin na'urorin ofis su zo da zanen haruffan a cikinsu. Masu buga littattafan yaƙi da jahilci da na makarantun gwaji sun dogara da wasu zanen haruffa na musamman da ake sakawa a na'ura ɗaya-ɗaya. In aka aika rubutun zuwa na'urar da ba ta da irin wannan zane, sai ƙ ta koma murabba'i ko alamar tambaya, kuma bambancin ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, ya salwanta. Mafitar da aka samu ita ce a mai da shafin PDF ko a ɗauki hotonsa a maƙala. Rubutu ya yi tafiya cikin rigar hoto, hoton kuma cikin rigar haruffan Ingilishi. Yau da wayoyi da kwamfutoci suka san waɗannan haruffa, babu dalilin ci gaba da haka ga sabon rubutu, domin rubutun da ke cikin hoto ba a iya gyara shi ko neman kalma a cikinsa cikin sauƙi.

Suna linzami

Ta yaya kwamfuta ke sanin manhajar da za ta buɗe fayil? A tsarin Windows, da wutsiyar sunansa take aiki, wato haruffan da ke bayan ɗigon ƙarshe. Tsohon tsarin DOS bai yarda suna ya wuce haruffa 8 da wutsiya mai haruffa 3 ba, shi ya sa JPEG ya zama jpg. Wutsiyar suna ce kawai, ana iya sauya ta ba tare da cikin fayil ɗin ya sauya ba. Ainihin shaidar tana cikin bayit na farko-farko, inda GIF ke farawa da GIF87a ko GIF89a, PDF kuma da %PDF. Daga Windows 95, domin sauƙaƙa wa sabon shiga, aka riƙa ɓoye wutsiyar fayilolin da na'ura ta sani. Wannan sauƙi ya buɗe wata ƙofa, saboda latsawa sau biyu na da ma'ana biyu: in fayil ɗin hoto ne a nuna shi, in kuma umarni ne a zartar da shi.

Ran 26 ga Maris 1999 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Melissa ta bazu cikin wata takardar Word da ke maƙale da wasiƙa. Duk wanda ya buɗe ta, sai ta aika kanta ga mutum 50 na farko a littafin adireshinsa, da sunansa. Wanda ya rubuta ta, David L. Smith, ya sami hukuncin ɗaurin wata 20 a 2002. Ran 4 ga Mayu 2000 wata ta taso daga Manila a ƙasar Filifin, cikin wasiƙa mai taken soyayya. Sunan ƙunshin ya ƙare da TXT.vbs, amma da yake ana ɓoye wutsiyar ƙarshe, mutane suka ga TXT suka ɗauka rubutu ne. Ta aika kanta ga duk adireshin da ta samu, ta kai miliyoyin na'urori cikin kwanaki, har majalisar dokokin Birtaniya da ma'aikatar tsaron Amurka suka rufe wasiƙunsu na ɗan lokaci. Daga cikin ɓarnarta akwai bin fayilolin JPEG tana shafe su tana ɗora kanta a gurbinsu, don haka wanda ba shi da kwafi a wani wuri ya yi asarar hotunansa. Ba a hukunta kowa ba, domin Filifin ba ta da dokar da ta shafi irin wannan laifi sai a watan Yuni na shekarar. A Fabrairu 2001 wani matashi ɗan Holan ya maimaita dabarar da fayil mai ƙarewa da jpg.vbs, yana yi wa mutane alkawarin hoton ƴar wasan tanis Anna Kournikova.

Duk waɗannan ba hotuna ba ne, kura ce da fatar akuya. Amma a Satumba 2004 kamfanin Microsoft ya sanar da wata ɓaraka a manhajarsa ta karanta JPEG, wadda za ta iya sa hoton da aka ƙera da gangan ya ƙwace na'ura da zarar an nuna shi. An toshe ɓarakar, an kuma ci gaba da gano irinta a wasu manhajoji, abin da ya sa sabunta na'ura ya zama wani ɓangare na tsaro. A 2022 kamfanin ya sa manhajojinsa na ofis su riƙa hana umarnin da ke ɓoye cikin takardun da suka zo daga intanet aiki kai tsaye, shekara 23 bayan Melissa. Abin da waɗannan cututtuka suka ci moriyarsa shi ne amana: wasiƙar takan zo da sunan aboki ko abokin aiki. Har gobe maganin farko shi ne a bayyana wutsiyar sunaye a na'urar lakwal, a dubi ta ƙarshe, kuma in ƙunshi ya zo ba a sa ran sa ba a tambayi mai aikowa ta wata hanya kafin a latsa.

Hoton da jikoki za su buɗe

Tambayar da ta fi shafar ƙungiyoyin al'adu ita ce ta ajiya. A 1986 gidan rediyon BBC ya yi bikin cika shekara 900 na littafin Domesday, ƙidayar filaye da dukiya da aka yi a Ingila a 1086. Mutane kusan miliyan guda, yawancinsu ƴan makaranta da malamansu, suka tattara hotuna da bayanan garuruwansu, aka zuba a faya-fayan leza da ke buƙatar na'ura ta musamman. Zuwa 2002 na'urorin sun kusa ƙarewa, sai da masana na jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto kafin a sake ganin abin da ke ciki. Littafin 1086 da aka rubuta a kan fata kuwa yana nan a gidan adana tarihi na Kew, ana karanta shi. Hotunan yaran ba su goge ba. Abin da zai buɗe su ne ya ɓace cikin shekara 16.

Wannan ba ya nufin takarda ta fi aminci a kowane hali. A Janairu 2013 aka ƙona dubban rubuce-rubucen hannu a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu, ko da yake an riga an fitar da mafi yawan taskar garin a ɓoye zuwa Bamako, inda aka shiga ɗaukar hotunansu shafi-shafi. A Yamai, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni yana riƙe da kimanin rubuce-rubuce 4.000, taskar da ta samo asali daga abin da Boubou Hama ya tattara, kuma a gidajen malamai na Damagaram da Agadas da Tawa akwai wasu da gara da ruwan sama ke yi wa barazana. Ga irin wannan rubutu na hannu, hoto ne kaɗai kwafin da ke riƙe siffar alƙalamin marubuci da launin tawadarsa da sharhin da ke gefen shafi. Takarda da fayil kowanne yana da irin mutuwarsa, don haka kowanne yana buƙatar ɗan'uwansa.

Sababbin nau'o'i ba su daina fitowa ba. Google ya fitar da WebP a 2010, wayoyin iPhone kuma daga 2017 suka koma ɗaukar hoto a nau'in HEIC, wanda tsohuwar kwamfutar ofis kan ƙi buɗewa sai an ƙara mata manhaja ko an mai da hoton JPEG. Yawancin hotuna yanzu ta WhatsApp suke yawo, shi kuwa yakan matse hoto ya rage ɗigonsa kafin ya aika, sai in an tura shi a matsayin takarda. Shafin ajami da ya bi ta wayoyi biyar yakan isa da ɗigon haruffansa a dushe, alhali a ajami ɗigo guda ke raba harafi da harafi.

Daga wannan tarihi ƙungiya ko makaranta na iya fitar da ƙa'idojin aiki masu sauƙi. A riƙe hoton asali yadda na'ura ta ɗauke shi, gyara da rabawa a yi su a kan kwafi. Abin da ake so ya daɗe a adana shi a nau'in da ƙa'idarsa ke buɗe ga kowa kuma aka daɗe ana aiki da shi, irin su TIFF da PNG da JPEG da PDF. A ba kowane fayil suna mai ɗauke da shekara da gari da abin da ya ƙunsa, a kuma rubuta sunayen mutanen da ke cikin hoto tun masu sanin su suna raye. A ajiye kwafi a wurare biyu ko uku da ba gida ɗaya ba, domin akwatin wasiƙa da waya da ƴar ma'ajiyar USB duk suna ɓata ko su mutu. A kuma sa wani ya riƙa buɗe tsofaffin fayiloli lokaci-lokaci, ya mai da su sabuwar ma'ajiya tun tsohuwar tana aiki. Borenstein ya rayu har ya karɓi hotunan jikokinsa ta hanyar da ya shimfiɗa a 1992. Ko jikokin ƴan makarantar yau za su ga hotunan bikin kokawa da na hawan salla da shafukan malaman garinsu, wannan ya rataya a kan yadda masu riƙe da fayilolin suka adana su a yanzu.